Ina Sunayen Mazajen Giginya?

A hutun da ya wuce na raka Kakata ziyara Hubbare ran wata Jumma'a da hantsi. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san yadda wurin ya ke. Za ka tuɓe takalmi, ka shiga cikin natsuwa, ka tarad da mata sun zo daga ƙauyuka masu nisa, wasu ma daga Nijar, kowa na addu'a. Abin da ya tsaya mini a rai ran nan shi ne, babu kabarin da aka nuna mana ba a faɗi mai shi ba. Ga na Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817. Ga na 'yarsa Nana Asma'u. Ga na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, 1988, ga na Sarkin Musulmi Maccido, 2006. Shekara fiye da ɗari biyu ke nan, sunan Shehu bai ɓace ba, don kuwa kullum akwai mai faɗa wa baƙo.

Da za mu koma gida sai muka bi ta wajen filin wasa na Giginya. Na ce, "Kaka, su wa suka mutu a yaƙin Giginya?" Ta ce, "Mutane da yawa." Na ce, "Sunayensu fa?" Ta harare ni ta ce, "Kai wanga miji da tambaya ka ke! Allah Ya san su." Gaskiya ne, Allah Ya san su. Amma ni ina ganin mu ma ya kamata mu san su, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

Ga abin da ya faru, don 'yan aji ɗaya da ba su kai nan a Tarihi ba. Ran Lahadi 15 ga watan Maris, 1903, sojan Ingilishi a ƙarƙashin Kanar Morland suka iso bayan ganuwar Sakkwato da bindigogi masu ruwa da igwa. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fito da jama'arsa ya tare su a fili. Marafa Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1915, yana cikin shugabannin rundunar. Takobi da mashi da kibiya ba su iya da harsashi, tun kafin rana ta take yaƙi ya ƙare. Amma akwai waɗansu mutane da suka ƙi gudu, suka tsaya a gindin tuta, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har suka ƙare. Sarkin Musulmi ya yi gabas, Turawa suka bi shi, ya yi shahada a Burmi, cikin Jihar Gombe ta yanzu, ran 27 ga Yuli na wannan shekara, tare da mutum fiye da 600. Tutar kuwa sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato.

To, yau akwai filin wasa na Giginya, akwai otal, akwai barikin soja, duk da wannan suna. Watau itacen da ke tsaye a wurin mun girmama shi, mutanen da suka kwanta kusa da shi mun bar su a "mutane da yawa". Na gwada tambayar 'yan ɗakinmu bayan an kashe fitila. Ɗaya ya ce Giginya ai wurin ƙwallo ne. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma da na kwanta sai abin ya dame ni. Hausawa sun ce inuwar giginya na nesa ka sha, ga shi kuwa yawancin abin da mu ke karantawa game da wannan rana Turawan da suka yi harbin ne suka rubuta.

Akwai wata al'umma da ta kiyaye wannan al'amari fiye da mu, kuma ta bakin Kaka na fara jin labarinsu. Mahaifinta ya yi yaƙin Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka kwashi dubban 'yan Arewa cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka kai su Indiya, daga nan Bama. Ta ce yakan ba su labarin waɗansu sojan Indiya masu rawani da gemu, wai da farko ya ɗauka malamai ne har ya yi musu sallama. Malaminmu na Tarihi ya ce mini waɗannan su ne Sik, mutanen ƙasar Panjab, addininsu dabam ne, ba Musulmi ba ne, ba kuma Hindu ba.

Ran 12 ga Satumba, 1897, sojan Sik su 21 suka tsare wani ɗan sansani mai suna Saragarhi a kan iyakar Indiya ta wancan zamani, dubban mayaƙan Fatan suka kewaye su, suka ƙi miƙa wuya har aka kashe su duka. Shugabansu Ishar Singh. An gina wuraren ibada biyu don tunawa da su, ɗaya a Amritsar, ɗaya a Firozpur, an rubuta sunayen mutum 21 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau ana tunawa da ranar kowace shekara. Kada a fahimce ni a baibai. Turawa su ke yi wa yaƙi, Musulmi kuma suka yaƙa, ni ba yaƙin na ke yabo ba. Riƙon sunan na ke yabo. Kuma su ɗin nan sun yaƙi Ingilishi har sau biyu kafin a ci ƙasarsu a 1849, sun kuwa gina wa waɗancan mazajen nasu wurin tunawa a Firozshah. A cikin harabar babban wurin ibadarsu na Amritsar akwai gidan tarihi tun 1958, mai ziyara ya gama ibada ya hau ya ga makamai da tarihin magabata. Wannan shi ya sa na tuna da Hubbare.

Ra'ayina shi ne a sami ɗaki ɗaya kusa da Hubbare, inda dama jama'a ke taruwa ba sai an gayyace su ba, a rubuta sunayen mutanen ƙasar nan da suka mutu a fagen fama, da boko da ajami, tare da garinsu da shekarar. Na san akwai Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana littattafai da takardu da kayan yaƙi, aiki ne babba kuwa. Amma tsohuwar da ta zo daga ƙauye ziyara ba can za ta ba. Masana na can su za su binciko sunayen, a kawo su inda ido zai gani.

Da na faɗi haka a ƙungiyar muhawara, wani ɗan aji shida ya ce wannan ai hanyar gumaka ce. Ina girmama tsoronsa, kuma ni ma ba na son a sassaƙa mutum-mutumi a birnin Shehu. Sai dai suna ba gunki ba ne. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana sunayen shahidan Badar da na Uhudu, ba wanda ya ce shirka ce. Mutanen jihadi da kansu sun rubuta. Ta wurin Sarkin Musulmi Bello muka san cewa a Tsuntsuwa, a 1804, an rasa mutum wajen 2,000, kuma 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Da bai rubuta ba, da wa zai sani? Wanda aka san sunansa shi a ke yi wa addu'a da suna.

Magana ta biyu ta fi wuya, na kuwa daɗe ina juya ta. Aka ce, to, sojan Bature fa, irin mahaifin Kaka, su ma a sa su bango ɗaya da shahidan Giginya? Har ma aka tuna mini cewa da yawa daga cikin waɗanda suka riƙe wa Morland bindiga Hausawa ne. Haka ne. Ni ban ce darajarsu ɗaya ba, hukunci na Allah ne, a ware wa kowa bangonsa. Amma saurayin da aka ɗauka daga ƙauyensu ya mutu a dajin Arakan, uwa ce ta haife shi, ta kuma jira shi har ta gaji. A maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, akwai sunaye wajen 27,000 a jikin dutse, har da na 'yan Nijeriya. Ashe baƙi za su rubuta sunan ɗanmu a Bama, mu a gida mu ce ba mu san shi ba? Haka kuma Gobirawan da suka mutu a Alƙalawa a 1808 tare da Yunfa. Abokina na kusa a makarantar nan Bagobiri ne, ba zan so ya shiga ɗakin ya tarar kakanninsa ba su da ko layi ɗaya ba. Ga kuma sojojin da su ke rasa rayukansu a zamaninmu wajen yaƙi da 'yan bindiga. Ran 15 ga Janairu a kan ajiye musu furanni, washegari a share.

Masu cewa babu kuɗi kuwa, ban tsaya musu da su ba. Allo da fenti nawa ne?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokaci. Mahaifin Kaka ya komo daga Bama da lambobin yabo da takardar sallama cikin wani akwatin ƙarfe. Na tambaye ta ina su ke, ta ce, "Tun da munka tashi daga tsohon gida ba mu san inda sunka shiga ba." Lambar sojansa ma ta manta. Abokansa biyu da ya ce sun mutu a gabansa, suna ɗaya kaɗai ta tuna, shi ma ba sunan uba. In ta kau, Allah Ya ja da ranta, wannan ɗayan ma ya tafi.

Saboda haka na sayi littafi mai shafi 80, na rubuta wannan rabin sunan a shafin farko. Ina roƙon iyayenmu da za su karanta wannan mujalla, in akwai tsohon takobi ko sulke ko lambar soja a ɗaki, kada a sayar wa 'yan gwangwan, kada kuma a bar yara su yi wasa da takardun. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in an tafi hutu, kowa ya zauna da tsohon gidansu ya tambaya ko akwai wanda ya tafi yaƙi bai komo ba, wane yaƙi, daga wane gari. Ku rubuto ku kawo mini. Malamin Tarihi ya yarda a ajiye littafin a laburare, kuma ya ce in ya cika shi zai raka mu mu kai Gidan Tarihi da kanmu.