Kwamfuta ba ta san kankaren Mubi ba

Jiya wani ƙanena ɗan ajin ƙarshe ya same ni har gida a Gude da furojet ɗinsa, bene hawa biyu da ya zana a ETABS. Yana ta murna wai komai ya wuce, ko ja ɗaya babu. Na ce masa buɗe min in ga irin kankaren da ka ɗora wa ginshiƙan. Sai ga 4000Psi, wato wanda manhajar take zuwa da shi daga Amurka. Ko taɓa shi bai yi ba.

Jama'a, wannan lambar fa kusan 28 N/mm² ce a gwajin silinda. A gwajin kub da muka saba da shi a BS 8110, ta kai wajen 35. To ku faɗa min tsakani da Allah, kwaɓin 1:2:4 da ake yi da shebur a ƙasa, yashin Yedzaram ba a wanke ba, lebura yana ƙara ruwa don ya ji sauƙin juyi, ina zai kai nan? In ya ba ka 20 bayan kwana 28 ka gode wa Allah.

Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba. Abin da ka gaya mata shi ta lissafa. Ka ce mata kankarenka mai ƙarfi ne, sai ta yarda da siririn ginshiƙi da rodi kaɗan. Ranar da aka ɗora dakin, ginshiƙin ne zai ɗauki nauyin, kuma 'ya'yan mutane ne za su kwana a ƙasansa.

Wani zai ce ai furojet ne kawai, ba gina shi za a yi ba. Hannun da ya saba a makaranta shi zai je sait. Ni ma a digirin farko haka na yi, ba wanda ya tambaye ni, sai a mastas na gane.

Roƙona ga malamanmu: ranar difens, kafin a kalli hoton gini mai juyawa, a fara tambayar ɗalibi ƙarfin kankare da na rodin da ya saka, da inda ya samo lambobin. Ku kuma ƙannena na Poly da sauran makarantu, ku zuba kub shida da yashin garinku, ku fasa uku a kwana 7, uku a kwana 28. Lambar da injin ya nuna ita za ku shigar.

Allah Ya tsare mu da gina wa mutane kabari.