Lambun Makaranta: A Bazara Ake Sanin Mai Dashe

'Yan'uwa malamai, duk wanda ke zaune a Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, ko Television, ya san cewa in yana son kai iyalinsa lambun shaƙatawa mai suna, sai ya haye kogi ya nufi Gamji, wato lambun da ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, inda aka girke tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. A wannan ɓangare namu na kudu, masaƙu da layin dogo da gidajen ma'aikata su ne suka cinye fili, tun lokacin da aka buɗe masaƙar KTL a 1957. Saboda haka farfajiyar makaranta ita ce lambun jama'a a unguwanni da dama: nan ake samun inuwa, nan yara ke wasa da yamma, nan ake zaman unguwa. Ra'ayina shi ne mu riƙe ta a matsayin amana, mu tsara aikinta bisa zagayowar shekara, mu kuma san cewa ba mu kaɗai ke aiki a cikinta ba.

Yadda aka saba shi ne a yi bikin dashen itatuwa a watan Yuli ko Agusta, a ɗauki hoto, a watse. To amma a daidai lokacin ne ake tafiya dogon hutu. Kafin a dawo a Satumba, ciyawa ta shanye dashen, awaki sun ƙarasa abin da ya rage. Wanda ya tsira kuwa sai ya tarar da hunturu daga Nuwamba, sannan zafin bazara a Maris da Afrilu, alhali saiwarsa ba ta yi nisa ba. Wanda ke son sanin gaskiyar dashen bara, ya zaga makarantu a watan Afrilu ya ƙirga abin da ke tsaye.

Gyaran ba shi da wuya. Ruwan Kaduna yakan fara ne a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ya zauna a Yuni, ya ɗauke a Oktoba. Don haka a haƙa ramuka a Mayu, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin dabbobi, a dasa a farkon Yuni, tun ɗalibai na nan, domin itacen ya sha ruwan wata huɗu cur. A kewaye kowane dashe da ƙaya ko tsohon kwando tun ranar da aka sa shi. A Oktoba, kafin ƙasa ta bushe, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikinsa, saboda gara. Ganyen da ake sharewa a ƙone kowace safiya, a tara shi a rami ya zama taki. Daga Nuwamba zuwa saukar ruwa, bokiti guda sau biyu a mako, da yamma, ya fi yayyafi kullum. Hutun Disamba da na Afrilu su ne masu kashe dashe, saboda haka a rubuta jerin masu ban ruwa daga cikin malamai da iyayen da ke maƙwabtaka da makaranta kafin a rufe ta.

Sai batun abokan aikin da na ambata, wato ƙudan zuma, da malam-buɗe-littafi, da jemage. Su ne ke ɗaukar garin fure daga wannan fure zuwa wancan, har shuka ta yi 'ya'ya. Masara da gero iska ce ke yi musu wannan hidima, amma kabewa da kankana da gurji da agushi, in ƙwari ba su ziyarce su ba, sai yaɗo ba 'ya'ya. Tutun ɗorawa da ke fitowa a rani jemage ne ke bin sa da dare, ƙudan zuma da sassafe, kuma daga nan kalwa da daddawa ke fitowa. Wani babban rahoton masana na duniya da ya fito a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona da ake ci suna amfana da irin wannan hidima, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu a matsayin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya, aka fara bikinta a 2018.

Mu kuwa da hannunmu muke korar su. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, a daidai lokacin ne kuma mai lambu ke saɓa injin feshi. Feshin safe a kan shuka mai fure kisan ma'aikata ne. In feshin ya zama dole, a bari sai dab da magariba, a kauce wa furen, a kuma fara gwada jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya kafin a sayo na kanti. Haka nan a daina sare namijin gwanda baki ɗaya don ba ya haihuwa. A bar ɗaya ga kamar mata goma. A kuma tsara dashen yadda fure ba zai yanke ba: mangwaro da yazawa a hunturu, ɗorawa da darbejiya a bazara, riɗi da kabewa a damina, zogale kusan ko yaushe. A rani, a ajiye tsohuwar tasa da ruwa da tsakuwa a cikinta, domin su sha ba tare da sun nutse ba.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, zuma ga zaƙi ga harbi, ga kuma yara ƙanana. Gaskiya ne, shi ya sa ba na kiran a rataya amya a farfajiya. Ƙudan da ke kiwo a kan fure ba ya neman faɗa. Gidansa yake tsarewa. In taronsu ya sauka a rufin aji, a fitar da yara, a kira mai kiwon zuma ya kwashe su, maimakon a cinna musu wuta. Na biyu, ina ruwan, a makarantar da ko na sha sai an saya? Amsar ita ce a rage yawa. Dashe 10 da za su rayu sun fi 100 na hoto, kuma ruwan wanke hannu da na alwala, in aka juya magudanarsa zuwa gindin itace, zai riƙe su.

Ribar kuwa a aji za a gan ta. Yaron da ya bambance macen furen kabewa, mai ɗan ƙullutu a gindi, da namijinsa, ya kuma ga ƙudan zuma ya fito daga ciki jikinsa ya yi rawaya, ba zai manta da darasin ba, ko da allo ya goge. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina roƙon kowace makaranta a wannan reshe ta ba kowane aji itace guda da sunansa, ta ƙirga su ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, sannan ta sake ƙirgawa ranar 20 ga Mayu. A aiko wa wannan mujalla lambobin biyu, mu buga su gefe da gefe.