Japanancin Majigi da Kunnen Bamaraɗe

Duk wanda ya zauna da yamma a rumfar cajin waya a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi zai iya jin wasu kalmomi a bakin samari waɗanda ba Hausa ba ne, ba Faransanci ba. Wani ya ce wa abokinsa baka, wani ya buɗe ido ya ce nani, wani kuma ya kira wanda ya girme shi a makaranta senpai. Japananci ne, kuma ba daga aji ya fito ba. Ya shigo ta finafinan zane na Japan da ake kira anime, irin su Naruto da One Piece da Dragon Ball, waɗanda ake turawa daga waya zuwa waya, galibi da fassarar Faransanci a ƙasan hoto. Wasu daga cikin matasan nan sun wuce wasa, sun fara rubuta kalmomi a kaye, suna burin neman tallafin karatu na gwamnatin Japan da aka sani da MEXT. Burin abin yabo ne, sai dai hanyar da suka biyo tana da rami, kuma ɗaliban kimiyyar harshe ne ya kamata su fara hango shi.

Kalmomin Japan ba baƙi ba ne a Maraɗi. Toyota da Honda da Suzuki sunayen dangi ne a asalinsu, kafin su zama sunayen motocin da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya, ko baburan ƴan kabu-kabu. Ajinomoto, wanda mata ke kira farin magi, jimla ce ta Japananci mai nufin tushen ɗanɗano, kuma an fara sayar da shi a 1909, shekara guda bayan masanin kimiyya Kikunae Ikeda ya gano sinadarin. Masu wasan judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882, da masu karate sun daɗe suna ƙirga ichi, ni, san, suna kiran malaminsu sensei. Waɗannan duka sunaye ne da umarnin fagen wasa, ba sa cutar da kowa. Abin da ya shigo yanzu daban ne: kalmomin da ake fuskantar mutum da su, kuma a Japan zaɓen irin waɗannan kalmomi shi ne ma'aunin tarbiyya.

Finafinan da aka ambata sun samo asali ne daga mujallar Shonen Jump, wadda ake bugawa domin yara maza masu tasowa. Jarumansu mafaɗata ne, kuma maganarsu ta fagen fama ce. Suna ce wa kansu ore, suna ce wa abokin magana omae, in rai ya ɓaci su ce temee ko kisama. Fassarar Faransanci takan mayar da waɗannan duka je da tu, sai mai kallo ya ɗauka ya koyi yadda ake cewa «ni» da «kai». Alhali Japananci yana da jerin wakilan suna masu hawa-hawa: watakushi a gaban manya da wurin taro, watashi a mu'amalar yau da kullum, boku ga namiji cikin sassauci, ore tsakanin abokai na ƙut-da-ƙut. Kisama kuwa a da kalmar girmamawa ce, yau ta koma zagi tsagwaronsa. Ko anata, da littattafan farko ke fassarawa da «kai», ba a jefa wa malami ko shugaba ita. Sunansa ake kira a haɗa da san, ko a ambaci muƙaminsa.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan ɓuya. Masanin harshe Satoshi Kinsui na Jami'ar Osaka ya yi bayanin kalmar yakuwarigo, wato harshen rawar da ɗan wasa ke takawa, a littafin da ya wallafa a 2003. Ya nuna cewa labaran zane suna ba kowane irin mutum maganar da za a gane shi da ita nan take: tsohon masani ya ce washi, ɗiyar masu kuɗi ta yi nata salon, duk da cewa da wuya a ji mai rai yana magana haka a titin Tokyo. Ashe wani ɓangare na abin da saurayin Maraɗi ke haddacewa ba sara ba ce ma, kayan wasa ne. Misalinsa kamar Bajapane ne ya koyi Hausa daga kirarin ƴan kokawa a gasar takobi, sa'an nan ya nufi fadar Sarkin Gobir a Tibiri da niyyar gaisuwa. Kalmominsa Hausa ne, nahawunsa daidai ne, amma dogarai ba za su bari ya kai ƙarshen jimlarsa ba.

A nan ne abin da Bamaraɗe ya gada yake da amfani. Wanda ya tashi tsakanin fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Gobir a Tibiri, gidajen sarautar da suka kafu a wannan yanki a ƙarni na 19 bayan jihadi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan cewa magana tana da matakai. Ya san ana ce wa dattijo guda «ku». Ya san ba a shiga gaban sarki da «ina kwana» kawai, sai da «ranka ya daɗe». Ya san jaki mutuwa yake yi, mutum rasuwa, wanda ake jin nauyinsa kuma ya riga mu gidan gaskiya. Japananci ma yana da shinu da nakunaru, yana da kutabaru ta wulaƙanci. Tsarin da suke kira keigo ya raba aikatau ɗaya gida-gida: cin abinci taberu ne, na babban mutum meshiagaru, na mai ƙasƙantar da kai itadaku, na zaman majalisar samari kuwa kuu. Al'ummar da mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari saboda alkunya ba za ta yi mamakin harshen da ke kauce wa wakilin suna don ladabi ba.

Gaisuwa ta fi komai nuna wannan kusanci. Ma'aikatan Japan suna rabuwa da otsukaresama deshita, kalmar da tushenta gajiya ne. Mai fassara zuwa Faransanci sai ya yi kewaye, amma manomin da ya wuce maƙwabcinsa yana ban ruwan zogale a fadamar Jiratawa ya riga ya faɗe ta: sannu da aiki, ina gajiya. Wanda ya dawo gida ana tarbarsa da okaeri, wato sannu da dawowa. Mai shiga gidan wani yana cewa ojama shimasu, wadda ke yin aikin sallama a bakin zaure. In an tambayi lafiya a amsa da okagesama de, ana jingina lafiyar ga albarkacin wasu, kamar yadda Bahaushe ba ya amsa gaisuwa ba tare da godiya ba. Har tarkon da ke ciki ma Bahaushe zai gane shi: gokurosama tana kama da otsukaresama, amma babba ne ke faɗa wa na ƙasa da shi, kamar yadda yaro ba ya ce wa mahaifinsa «ka kyauta, Allah ya yi maka albarka».

Ta fuskar furuci, ribar ta fi haka yawa. Harsunan biyu suna da wasula biyar, a, i, u, e, o, kuma a dukansu tsawon wasali yana sauya ma'ana. Bakin da ya raba gari na zama da gaari na tuwo ba zai haɗa obasan, gwaggo ko inna, da obaasan, kaka, ba. Kunnen da ya raba baba da babba zai raba kite, zo, da kitte, kan sarki na wasiƙa. Faransanci bai dogara da ɗayan biyun ba, shi ya sa mai koyo ta hanyarsa yakan tsallake su. Haka karin sauti: a lafazin Tokyo, ame mai farawa sama ruwan sama ne, mai farawa ƙasa alewa ce, kamar yadda wuya ta jiki da wuya ta wahala, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, suke rabuwa a Hausa. Faransanci ba ya furta h, don haka mai bin sa zai iya mayar da hana, hanci ko fure, ta koma ana, rami. Sautin da ake rubutawa fu a Fuji da leɓɓa biyu ake yin sa, tsakanin fu da hu, kuma bakin da ke cewa hura da huɗu ya fi kowa kusa da shi. Ko ganɗantawa iri ɗaya ce: Hausa na juya mota zuwa motoci, ƙasa zuwa ƙasashe, Japananci na juya matsu zuwa machimasu, hanasu zuwa hanashimasu. Ga kuma amsa-kama, da harsunan biyu suka wadata da ita: pika-pika na walƙiya kamar wal-wal, doki-doki na bugun zuciya kamar ɗar-ɗar.

Wajibi ne a ja kunne a nan, domin kama da wane ba ta wane. Hausa ɗiyar rukunin Cadi ce cikin dangin Afro-Asiya, Japananci kuwa danginsa daban. Baka ta Japan wawa ce, ba ta da alaƙa da bakan maharbi ko adabin baka. Kuma a can dabba ce, mata na nufin «sake», kasa laima ce. Haɗuwar sauti ce kawai, wadda ba makawa sai ta faru tsakanin harsuna biyu masu gajerun gaɓoɓi da wasula kaɗan, kuma ɗalibin kimiyyar harshe ne ya kamata ya hana a gina tatsuniyar asali a kanta. Bambancin ma yana da girma. Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, babu jinsin namiji da tamace a nahawu, tsu ba ta da ƙarfin ts ta Hausa, ga baƙaƙen hiragana 46 da na katakana 46, da kanji 2136 da gwamnati ta ƙayyade a 2010 don amfanin yau da kullum. Kunnen Hausa yana rage nisan tafiya, ba ya ɗauke wahalar karatu.

Wani zai ce ana tsananta wa matasa, tunda anime ne ya jawo su tun farko, kuma sara ma harshe ce. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a bar kallo. Sara fage ce mai daɗin nazari. Yabai asalinta haɗari, amma matasan Japan na faɗinta yau ga abin da ya burge su, daidai da yadda ake cewa abinci ya yi mugun daɗi. Suna gutsure kalmomin aro, sumaho ga wayar zamani, konbini ga kanti, sun ɗauko pan daga Fotugis, arubaito daga Jamusanci, kamar yadda Hausar Nijar ta mayar da kalmomin Faransanci lakwal da mushe. Laifin ba na sara ba ne, na kalmar da aka koya ba tare da sanin mazauninta ba ne. Wanda ya san yabai bai san a gaban wa ake rufe baki da ita ba, ya riƙe wuƙa ta kaifi.

Wani kuma zai ce Hausa ba ta gama da nata bukatun ba, balle a kai ta ga Japananci. Wannan ita ce hujjar da ta fi rauni. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar. Harshen da aka ba wannan matsayi bai kamata ya riƙa neman tafinta daga Paris duk lokacin da zai gaisa da wani harshe ba. Su Japanawa ba su jira kowa ba. Shuji Matsushita na cibiyar nazarin harsunan Asiya da Afirka a Tokyo ya yi aiki kan Gwandara tun shekarun 1970, daga baya ya mayar da ƙamusun Bargery na 1934 cikin kwamfuta. Shuichi Oyama na Jami'ar Kyoto ya shafe shekaru yana bincike tare da manoman Hausawa a yankin Dogondutsi. Sun zo sun koyi Hausa a bakin masu ita, kuma daga wannan ɓangaren har yanzu ana kallonsu ta tagar wani.

Aikin da ke gaba bai fi ƙarfin ɗalibai ba. Ana iya farawa da ƙaramin jerin kalmomin yau da kullum, Japananci zuwa Hausa kai tsaye, gwargwadon matakin farko na jarrabawar JLPT da ake kira N5. Kowace kalma a nuna tsawon wasalinta da karin sautinta da alamomin da aka saba a nazarin Hausa, sa'an nan a rubuta mazauninta da ma'aunin da kowane Bamaraɗe ya sani: wannan ta fada ce, wannan ta kasuwa ce, wannan ta tsakanin abokan wasa ce, wannan kuwa a majigi kaɗai take rayuwa. Masu tattara kalmomin suna nan a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantun sakandaren Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, da kayensu cike. Abin da suka rasa shi ne mai tace musu, ya gaya musu cewa ladabin da aka koya musu a zauren gida shi ne rabin darasin. Saurayin da ba zai taɓa ce wa limamin unguwarsu «kai» ba bai cancanci a bar shi ya isa gaban farfesa a Kyoto ya ce masa omae, yana zaton gaisuwa ya yi.