Waiwaye: Kwamfuta Ɗaya, Ajiya Kowa da Tasa

Kafin waya mai intanet ta shiga aljihun kowa, yawancin matasan Kafanchan sun fara taɓa kwamfuta ne a kan na'urar da ba tasu ba. Wasu a shagon buga takardu, wasu a kafe, wasu kuma a Bayan Loco, inda gidauniyar Fantsuam take. John Dada da abokan aikinsa suka kafa ta a 1996, daga baya ta shiga koyar da kwamfuta, ta kuma samar da Zittnet, hanyar intanet mara waya da ta kai sadarwa wuraren da manyan kamfanoni ba su waiwaya ba. Na'urori kaɗan ne, masu so da yawa. In ka tashi daga kujera, kafin ta huce wani ya zauna.

Haka abin yake a gidajen gem. Talabijin ɗaya, PlayStation ɗaya, benci cike da yara, kowa na jiran a zo kansa. Wanda ya zo buga wasa guda na ƙwallo ya tafi ba shi da damuwa. Mai damuwa shi ne wanda ya shiga Master League a Winning Eleven, inda ake farawa da 'yan wasa marasa ƙarfi, a yi ta tara maki ana sayen gwanaye har ƙungiya ta tsaya da ƙafarta. Wannan aikin makonni ne, da kuɗin tara da aka hana ciki. Duk wannan wahala tana kwance a cikin ɗan katin memori. Na PlayStation ta farko gurbi 15 gare shi, na PlayStation 2 da ta fito a 2000 kuma megabait 8. Katin mai shago na kowa ne. In ya cika, sai an goge na wani kafin a ajiye na wani.

Na ga yaro ya tsaya a bakin wani shago idonsa ya yi ja, yana maimaita magana ɗaya: "Wa ya hau min ajiya?" Ba wanda ya amsa. Mai shagon ya ce, "Yi haƙuri, ƙanena, ai wasa ne." A wurin yaron kuwa ba wasa aka goge ba, gumi aka goge. Abokai sun daina gaisawa a kan irin wannan. Masu wayo suka fara tara kuɗi suna sayen katinsu, su zo da shi a aljihu, su zare in sun gama.

Da wasanni suka koma kan kwamfuta, matsalar ta biyo su, sai dai ta ɓuya. Windows XP, da ta fito a 2001, ta ba da damar kowane mutum ya buɗe asusunsa da kalmar sirrinsa, kowa da foldar takardunsa. Amma a gidaje da shaguna da yawa asusu ɗaya ake buɗewa, kowa ya shiga ta nan. Ɗauki GTA San Andreas, wanda ya iso kwamfuta a 2005. Yana zuba ajiyarsa a foldar takardun wanda ya shiga, gurabensa kuma 8 ne. In mutum goma suna shiga da asusu ɗaya, waɗannan gurabe 8 su ne na kowa. Hannu ya zame sau ɗaya, aikin wata guda ya tafi. Wasu masu kafe kuma, saboda tsoron bairos, sukan sa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take da zarar an kashe an kunna. Na'ura ta tsira, amma duk abin da baƙo ya ajiye ya bi ruwa.

Masu ƙera manhaja sun lura. Windows Vista ta zo a 2007 da folda ta musamman don ajiyar wasanni a ƙarƙashin sunan kowane mai asusu. Kamfanin Valve, mai dandalin Steam da aka buɗe a 2003, ya ƙara ajiya a intanet a 2008, yadda mutum zai tarar da wasansa inda ya tsaya ko da ya canza kwamfuta. Duk da haka tarkon yana nan har gobe. Wa da ƙane na iya samun asusun Steam daban-daban, amma in asusun Windows ɗaya suke shiga, wasanni da yawa za su zuba ajiyarsu a wuri guda, domin foldar takardu suke nema, ba sunan mai wasa ba. Har ma akan sami ajiyar ƙane ta hau intanet da sunan wansa, ta danne ta asali.

Maganin ba ya cin ko sisi. A buɗe wa kowa asusun Windows nasa da kalmar sirri, babba ɗaya ya riƙe ikon sa manhaja da cirewa. Wasan a sa shi sau ɗaya ya isa, ajiyar ce za ta rabu. Tsofaffin wasannin da ke ajiya a cikin foldar wasan kansa ba sa jin wannan magani, su sai a riƙa kwafe ajiyar a filash kafin a tashi. In an gama kuma a fita daga asusu gaba ɗaya, kada a bar shi a buɗe.

Manoman ƙasarmu sun riga mu sanin wannan. Gida yana da gandu, kowa ya sa hannu, kowa ya ci. Amma ana yanka wa saurayi gayaunarsa, abin da ya noma a ciki nasa ne. Gayauna ba ta taɓa rusa gandu ba, ita ce ma ke sa saurayi ya yi aikin gandu da zuciya ɗaya. Kwamfutar gida gandu ce, asusun kowa gayaunarsa.

Abin da ya sa na waiwayi wannan zamani shi ne, yaran bencin nan sun girma, abin da suke ajiyewa ma ya girma. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan suna rajista da rubuta aikin ƙarshe a kan na'urorin aro. Daga Zonkwa zuwa Kwoi, gida nawa ne laftof ɗaya ke yi wa uba lissafin citta, ya yi wa 'ya aikin makaranta, ya yi wa auta wasa? Halin da ya sa aka goge ƙungiyar ƙwallon yaro shi ne ke sa a goge babi uku na aikin ɗaliba, ko a bar imel a buɗe a shago wani ya shiga.

Wasu iyaye na ganin kalmar sirri tsakanin 'yan gida ɗaya alamar rashin yarda ce. Ni ina ganin akasin haka. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma yawancin saɓanin da na gani a kan kwamfuta ba mugunta ta kawo shi ba, kuskure ne da rashin iyaka. Iyaye su riƙe ikon duba abin da ƙananan yara ke yi, wannan haƙƙinsu ne. Amma yaron da aka ba wurinsa, aka ce kada ya taɓa na 'yar'uwarsa, an koya masa amana tun a kan wasa. Duk mai kwamfutar da hannu fiye da ɗaya ke taɓawa, a gida ko a makaranta ko a shago, ya zauna yau ya buɗe wa kowa asusunsa, tun kafin a yi asarar da "yi haƙuri" ba zai mayar ba.