Tama Tana Itakpe, Maƙeranmu Suna Jiran 'Yan Jari-Bola

Duk wanda ya leƙa maƙera a Potiskum zai ga da tsohon sifirin mota ake ƙera fartanya da gatari. Abin kunya ne ga ƙasar da aka narka tama a Taruga tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda kuma tarihin Kanonta ya faro daga maƙeran gindin Dala.

A 1979 Nijeriya ta ba kamfanin Tyazhpromexport na Tarayyar Sobiyat kwangilar masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, don ta riƙa fitar da tan miliyan 1.3 a shekara. Gwamnatoci sun shuɗe ba a hura babban murhunta ba. A 2022 ma sai da aka amince a biya wani kamfani dala miliyan 496 don kashe rigimar kwangila.

Ni a ganina, 'yan siyasa suna samun damar yi mana romon baka ne saboda ba mu san yadda murhun yake aiki ba. Ta sama ake zuba tama da gasasshen kwal da farar ƙasa. Ta ƙasa kuma a hura iska mai zafin da ya haura digiri 1,000, wato aikin zugazugi ke nan. Kwal ya ci wuta ya ba da iskar kabon monoksaid, ita kuma ta ratsa sama tana zare oksijin daga jikin tama, har ƙarfe ya narke ya gangaro. To, a nan gizo ke saƙa. Dole iskar ta sami kafar wucewa. In kwal ɗin ya murmushe, sai kafofin su toshe, murhu ya shaƙe. Kwal ɗin Inugu kuwa ba ya gasuwa ya yi taurin da ake bukata, ita ma tamar Itakpe sai an tace ta. Kuma murhun nan in an hura shi, shekaru yake yi ba a kashe shi ba.

Saboda haka, ya mai karatu, duk ɗan takarar da ya ce zai tayar da Ajaokuta, a tambaye shi daga ina kwal zai fito, da wane jirgin ƙasa, kuma wa zai biya. Mu ɗaliban Hausa kuwa, kamata ya yi mu zauna da tsofaffin maƙeran Bolawa da Ngizim da Karekare, mu rubuta kalmomin sana'arsu, don injiniyoyi su sami abin yi wa jama'a bayani a rediyo.