Juriya Babu Littafi?

'Yan uwa malamai, ana cewa mu koya wa ɗaliban ƙaramar sakandare juriya. Da me? Yaron Zurmi da ya kwana a jeji don gudun 'yan bindiga, da yarinyar Shinkafi da hijira ta kawo Ƙaura, sun riga mu sanin haƙuri. Littafin da zai taimake su furta abin da ke cin ransu, da Hausarsu, shi suka rasa.

Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatu kyauta, har da littattafai. Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023. To, ina kason littafi? Fentin bango ba ya karantuwa. A ware kuɗin cikin kasafi, malami ya daina yankar albashinsa yana saye.