Ina kuɗin ajiyarmu, masu gidajen haya?

Jama'a, kuɗin ajiyar nan da ake karɓa hannun ɗan haya wai ko zai yi ɓarna, wa aka taɓa mayar wa? Shekara uku na yi a wani gida a Kubwa. Rufi na yoyo duk damina, shadda ta cika, ni na biya aka kwashe. Da zan tashi na nemi naira dubu 100 ɗina, mai gidan ya ce bango ya yi dauɗa, fenti zai yi. Bangon da yoyon rufinsa ya ɓata fa! In ƙarin haya ne, ku faɗa mana tun ranar biya. Sun san ƙaramin ma'aikaci mai albashin dubu 70 ba shi da kuɗin lauya, shi ya sa suke yi.